Zabirar Baba da Tawadar Hamdiyya

Litinin, 10 ga Maris 2003, bayan la'asar. Kaura Namoda.

Gobe za mu Kaduna, ni da Malam da 'yarmu Hamdiyya. Hedimasta ya ba ni kwana uku, da sharaɗin in dawo kafin jarrabawar 'yan aji huɗu. Malam, mijina, ya samu wanda zai riƙe masa aiki a ofishin gona.

Bari in rubuta yadda tabon fuskarta yake yau, don in an jima kar in ce ya fi haka ko bai kai haka ba. Ya fara daga ƙarƙashin idonta na hagu, ya rufe kuncin, ya sauko leɓen sama. Launinsa ja mai duhu, kamar zoɓon da ya jiƙu. Da shi na haife ta. Kowa ya ce tawadar Allah ce, a bar ta, muka bar ta shekara biyar. Bana leɓen ya soma kauri. Da azumi ta faɗi a bakin rijiya, ɗan ƙwarzane ne kawai, amma sai da jini ya jiƙa ɗankwalina sharkaf kafin ya tsaya. Likitan Gusau ne ya ce akwai wasu likitoci da suka zo Kaduna da injin haske na irin wannan.

Malam ya ce shi zai sanar da iyayensa a Zurmi. Bai sanar ba. Ni ma ban tuna masa ba.

Laraba, 12 ga Maris, da azahar. Kaduna.

An yi.

Leza suke ce wa injin. Akwati ne fari mai tsawon firij, da igiya, a bakin igiyar wani abu kamar alƙalami. Likitar mace ce, ba ta jin Hausa, nas ce ke maimaita mini. Ta ce ba tawada ba ce, ƙananan jijiyoyin jini ne suka buɗe fiye da kima suka cunkushe a ƙarƙashin fata. Hasken yana ratsa fatar ya ƙone su ya bar fatar. Ba a gamawa a zama ɗaya.

Duk wanda ke ɗakin sai da aka sa masa baƙin tabarau. Ita kuma aka rufe mata idanu ruf. Injin yana cewa tas, tas, sai ɗan ƙaurin gashi. Nas ta riƙe kai, ni na danne ƙafafu. Ban san yarinyar nan tana da ƙarfi haka ba. Ta yi ta fizge kai har likita ta ajiye alƙalamin, ta ce rabin kunci ya isa na yau.

Ba ni ta kira ba da tana ihu. Baba Tsoho ta yi ta kira, kakanta.

Malam yana baranda. Da muka fito ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Abin da aka ce: wurin zai yi baƙi kamar ƙuna, kar mu firgita, zai washe da kansa. Kar rana ta taɓa shi. A shafa mai safe da yamma. Mu dawo ƙarshen Afrilu, daga nan likitocin za su koma ƙasarsu. In sun ga ciwo ko miki a wurin ba za su yi ba. Nas ta biyo ni har ƙofa ta ce, "Maman yarinya, na san ku mutanen can. Ko tsinke kar ya taɓa wurin nan. Don Allah kar a kai ta wajen wanzami, jinin nan in ya ɓalle ba ya jin rarrashi."

Na ce to. Ban gaya mata sana'ar kakan ba.

Juma'a, 14 ga Maris, da hantsi. Kaura.

Ya yi baƙin. Ɗigo-ɗigo ne, kowane kamar girman gyaɗa, a jere reras. Na juya madubin ɗaki ya kalli bango, na manta da faranti. Ta leƙa bayan faranti ta ce, "Mama, injin ga ya ɓata ni."

Asta maƙwabciya ta shigo aron turmi. Ta ce subhanallahi, sannan ta tuna ta ce Allah shi ƙara sauƙi. Ta fita ba turmin.

Na shafa mata mai, na ja labule.

Asabar, 15 ga Maris, bayan magariba.

Inno ta zo daga Zurmi, uwar Malam. Albishir ta kawo: Kulsumu ƙanwarsa ta sauka shekaranjiya, namiji, suna ranar Alhamis. Ko ruwa ba ta sha ba Hamdiyya ta fito da gudu ta faɗa jikinta.

Inno ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske. Ta daɗe.

"Mi na wanga? Mi kunka yi ma ɗiyag ga?"

"Magani na, Inno. Likita tac ce hakanan shika yi, sannan shi washe."

"Ke malama ta, na sani, kina karanta ma ɗiyan mutane boko. Amma ni na tsuhwa gidan wanzami. Wanga mataccen jini na. Da can shina ƙasa, injinku ya kirawo shi bisa, ya rasa ƙohwar hita. Ƙaho guda, tsaga ukku, dut shi hito, a huta."

Na ce an hana. Ta ce wa ya hana, na ce likita. Ta ce likitan ce ta haifi uban yarinyar? Malam yana zaune yana ɓare gyaɗa, bai ɗago ba.

Gaskiya maganar Inno ta fi ta likita saurin shiga kunne. Duk wanda ya taɓa ganin abin da ƙaho ke zuƙowa daga ƙeyar mutum, baƙi, guda-guda, ya dubi kuncin Hamdiyya yau, abin da zai ce ke nan. Wannan ne ya ba ni tsoro, ba faɗanta ba.

Da za ta kwanta ta ce Lado na Katuru zai zo suna, hannunsa da sauƙi wajen ƙaho.

Lahadi, 16 ga Maris, da safe.

Inno ta koma. Ta bar mana daddawa.

Na yi ta juya zancen Lado. Yaron Baba ne, a gabansa ya koyi riƙon aska, kamar duk wanzaman shiyyarsu. Kuma suna da ƙa'ida. Wanzami in ya shiga gidan ubangidansa, zabirarsa yake fara ajiyewa a gabansa, jakar kayan aikin ke nan, sannan ya gaishe shi. Ba ya sake taɓa ta sai an ce masa ɗauka. Ko farcen yaro Lado ba zai yanke a gidan nan ba sai da yawun Baba.

To in Lado zai yi ƙaho, Baba ne ya ce a yi. Idonsa ya yi rauni, shi ya sa ya nemi hannun yaro.

Na shafa mata mai, na ja labule.

Litinin, 17 ga Maris, bayan la'asar.

An fara jarrabawa. Lissafi. Wani yaro ya rubuta sunansa a kowane layi ya miƙo mini, yana murmushi.

Talata, 18 ga Maris, da hantsi, lokacin tara.

Jiya da ina shafa mata mai ta ce, "Mama, a kai ni wurin Baba Tsoho shi cire man. Askatai ba ta da zahi. Injin na da zahi."

Shi ke yanke mata farce. Yana barinta ta busa ƙahonninsa kamar algaita, abin da ko jikokinsa maza ba su isa ba. In ya zo Kaura ita yake zuwa gani, ni gaisuwa ce daga bayan ƙyaure, ina kwana, lafiya lau, a gaida mutan gida. Shekara bakwai ke nan ba mu wuce haka ba.

Akwai ɗaki kusa da rumbu a gidan Zurmi. Ba na shigarsa.

Zan rubuta sau ɗaya in rufe. Haihuwata ta farko namiji ne. Ranar suna aka cire masa hakin wuya kamar kowane ɗa a gidan, kakansa ne ya yi da hannunsa. Washegari da hantsi aka kai shi makwanci. An ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari don kunya, ni kuwa ban ma samu lokacin jin kunyar ba. Tun daga ranar ban ji kowa ya ambace shi ba.

Da aka haifi Hamdiyya, Baba ya zo Kaura, ya aske mata kai, ya rufe zabira ya tafi. Bai buɗe mata baki ba. Na ɗauka mahaifina ne ya yi masa magana.

An buga ƙararrawa.

Laraba, 19 ga Maris, bayan magariba.

Na ce wa Malam ba za mu je suna ba, ranar Zurmi ba ta da inuwa, kuma ina da jarrabawa. Ya ajiye cokali.

"Rukayya, Inno uwata ta."

"Na sani."

"Ke kina ciki kina riƙe da ƙahwahunta. Ni ina waje ina jin kukan. Mun kai ta da ja, mun dawo da ita da baƙi. Mi zan ce ma mutane?"

"Ka ce masu shina washewa. Duba gehe-gehen, ya hwara yin ruwan ƙasa."

Ya duba. Ya ce shi bai ga komai ba. Wataƙila da gaske bai gani ba, ni ce ke kallonsa safe da yamma.

Na roƙi Asta ta riƙe mini ita gobe har in taso, a cikin ɗaki, kar ta bar ta tsakar gida.

Alhamis, 20 ga Maris, da azahar. Tashar Kaura.

A bayan takardar jarrabawa nake rubutu. Asta ta ce tun da sassafe Malam ya zo ya ɗauki Hamdiyya a babur, ya ce ni na aiko. Ta ce ya dai lulluɓe mata fuska.

Na tsayar da ɗan kabu-kabu, ya ce, "Malama, ki yi man rai, 'yan Hisba na bakin hanya, in an gan ni da mace bulala ta." Na biyu bai ma tsaya ba. Ban ga laifinsu ba. Ni ma na yi kabbara ranar da aka ƙaddamar da Shari'a, har muryata ta dushe.

Motar mata ta Zurmi tana nan, an buɗe ƙofofi. Mu uku ne da buhun albasa. Direba yana cin rake.

Alhamis, kusan la'asar.

Ba ta cika ba.

Juma'a, 21 ga Maris, bayan an sauko masallaci. Kaura.

Muna gida. Tana barci. Zan rubuta a jere yadda ya faru.

Rana ta yi sanyi kafin mu isa Zurmi. A mota ban yi addu'ar komai ba, kaina ya tsaya cik. Ina ta lissafin ɗankwali nawa ne a jikina, da nisan asibitin garin daga gidan.

Ƙofar gidan cike da maza a kan tabarmi, amma ba hayaniyar suna. An ci nama, an raba goro, kowa yana zaune kamar ana jiran alƙali. Lado yana gindin darbejiya, hannu biyu a kan gwiwa, ba komai a kafaɗarsa. Malam yana tsaye gefe. Na wuce shi ban dube shi ba.

A zaure na same su. Baba yana zaune a kan buzu, ya jingina da bango. Hamdiyya tana barci a cinyarsa, ya rufa mata jelar rawaninsa a fuska saboda hasken ƙofa. A ƙarƙashin cinyarsa ta dama zabira biyu, tasa da ta Lado, ya zauna a kan igiyoyinsu.

Na durƙusa. Bakina ya ce ina wuni da kansa. Hannuna ya riga shi, na ɗaga jelar rawanin. Ɗigon nan suna nan yadda na bar su da safe. Ba tsaga, ba shatin ƙaho. Man da na shafa ma bai gama bushewa a gefen kunne ba.

"Kin iso," in ji shi.

"Na iso, Baba."

"To ɗauki ɗiyarki, ƙahwata ta mutu tun azahar."

Na ɗauke ta. Ya miƙe ƙafar yana yamutsa fuska, yana matsa gwiwa. Daga cikin gida ana jin muryar Inno, tana cewa jinjiri ya wuni da gashin ciki a ransa na suna, abin da ba a taɓa yi ba a gidan wanzamai, za a yi da su a gari.

Ya ce, "Tun swahe sunka so in shiga in yi askin jinjiri. In na tashi sai na aje ta. In na aje ta ban san hannun da za ta hwaɗa ba. Lado ya aje zabira ya gaishe ni, ni ko ban ce mai ɗauka ba. Ko salla nan niy yi, tana gehena."

Na gyara riƙon Hamdiyya a kafaɗata. Ya ci gaba.

"Ita da kanta ta jawo man zabira, tac ce in cire mata. Nic ce askata ta dakushe, sai an wasa." Ya yi 'yar dariya. "Ba ni san injinku ba, ban san ko shina magani ba. Amma na san jini. Akwai wanda ka hita shi tsaya, akwai wanda ba shi tsayawa. Na biyun sau guda na ishe shi, a hannun ga."

Sai ya faɗi sunan. Sunan na farko, ɗungurungum, kamar yaron yana tsakar gida za a aike shi.

Ya ce, "Tun rannan ban sake buɗe bakin jinjiri ba, ko na gidan ga ko na waje. Ba ki tambaya ba, ni ko ban iya hwaɗi ba."

Na yi kuka, a zauren surukina, maza suna ji daga waje. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya jira na gama, ya jawo zabirarsa ya rataya, ya leƙa ƙofa ya ce, "Lado, ɗauka. Taho ka riƙa man, aski kaɗai za mu yi." Suka shiga aske jinjirin Kulsumu ana kiran magariba.

A gidan muka kwana, ɗakin Kulsumu. Inno ba ta amsa gaisuwata ba da safe.

Lahadi, 23 ga Maris, da safe.

Malam ya sayo labule mai kauri ya kafa da kansa. Guduma ta same shi a yatsa. Ban ce sannu ba, sai da ya fita na ji ba daɗi.

Alhamis, 27 ga Maris, bayan la'asar.

Baƙin ya tafi. Inda injin ya bi ya fi inda bai bi ba haske, kaɗan, kamar zanen da aka wanke sau biyu. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, tawadar tana nan. Amma akwai iyaka tsakanin rabin da rabin, ana ganinta.

Na kira Malam ya duba. Ya duba ya daɗe, ya ce, "Na gani." Ya ƙara da cewa ya yi kuskure. Na ce abinci yana kwano.

Na shafa mata mai, na ja labule.

Asabar, 12 ga Afrilu, da azahar.

Zaɓe. Ba mota, ba kasuwa. Zafi kamar a bakin murhu. Hamdiyya ta ce ba za ta koma wajen injin ba ko an yanka ta.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan la'asar.

Baba ya zo, ya yanke mata farce. Na kawo masa fura da kaina, har zaure, na zauna a bakin ƙofa. Mun yi zancen zafi da tsadar gero. Ya ce Inno ta tambayi ko tabon ya washe, amma ta ce kar a ce ita ta tambaya.

Na gaya masa yadda ta yi ta fizge kai har likita ta tsaya a rabi. Ya ce, "Wa ar riƙe mata kai?" Na ce nas. Ya ce uhm. Ya tambayi ranar komawa, da ko motar Kaduna tana tsayawa salla.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan la'asar. A mota, mun wuce Funtuwa.

Baba bai taɓa wuce Gusau ba sai jiya. Ya bar zabira a gida, ya ce kafaɗarsa sai karkata take yi don rashin nauyi.

Nas ta ce mutum ɗaya ke shiga da yaro. Hamdiyya ta riƙe rigarsa ta ƙi saki, aka bar mu mu biyu. Aka sa masa baƙin tabarau a ƙarƙashin rawani. Na yi dariya, Allah ya yafe mini, ya zama kamar direban tirela. Nas ta tambaye ni wane ne, na ce kakanta. Ta ce me yake yi, na ce wanzami ne. Ta dube ni, ta dube shi, ta matsa masa wuri.

Ya sa tafin hannu ɗaya a goshinta, babban yatsan ɗayan a bayan kunne, ya sunkuya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, irin wadda suke yi wa yaro lokacin aski. Injin ya fara tas, tas. Ta yi kuka sosai, amma kan bai motsa ba. Duk tas ɗin da aka yi sai na ga kafaɗarsa ta zabura. An gama kuncin duka, har leɓe. Likita ta ce ba zai ɓace gaba ɗaya ba, zai dai yi sauƙi, kuma in sun dawo baɗi a kawo ta.

Da aka cire masa tabarau ya goge ido da rawani, ya ce hasken ne.

Yanzu tana tsakaninmu, fuskarta a lulluɓe. Na ɗauka barci take. Ɗazu ta ɗaga mayafin ta ce, "Baba Tsoho, rannan a zaure na ji ka. Wane na wanda kac ce?"

Ya juya yana kallon gonaki. Malam a kujerar gaba bai waiwayo ba, amma na ga wuyansa ya sandare.

Na ce, "Yayanki na."

"Mi sunanai?"

Na ce, "Jafaru."

Ta maimaita sau biyu don ta riƙe, ta mayar da mayafin. Ban taɓa jin yadda yake a bakina ba sai yau. Jafaru. Ba shi da nauyin da na zata.

Jibi wurin zai yi baƙi. Man ya kusa ƙarewa, zan saya a Gusau.